Zobe Tara a Cikin Toka

Litinin, 13 ga Oktoba, bayan magariba

Da sunan Allah. Yau aka fara ɗumama tanderun gari saboda bikin burodi na ranar Lahadi. Shekara ashirin da uku ina ganin wannan aiki a Pradalet, bana ce ta farko da ba surukina Baba Emile ne ya ƙyasta ashanar ba. Majalisar ƙauye ta ce ya huta, shekara tamanin da shida ba wasa ba ce. Aka ba Bastien mai awaki, wanda ya zo daga birni shekara huɗu da suka wuce. Ni nawa riƙon makulli ne da shara. Makullin yana gidan nan tun zamanin kakan mijina Lucien. Da Lucien ya rasu ba wanda ya ce in mayar.

Baba ya tsaya a kan Bastien kamar mai gadi. "Dami ɗaya na kirare, ɗan birni. Ɗaya na ce. Shekara guda dutsen nan yana shan sanyi, in ka ɗura masa wuta lokaci guda darewa zai yi. Yau ɗaya, gobe biyu, jibi huɗu. Sai Asabar a cika masa ciki."

"Na ji, Baba Emile. Sau bakwai ke nan."

Odile maƙwabciyarmu, sa'ar Baba ce, ta leƙo ta ƙofa. "Rabu da shi, ɗan nan. Da wannan surutun ya kashe matarsa."

"Ke wa ya kira ki, tsohuwar kaza?"

Aka yi dariya. Na ga damin da Bastien ya saka da idona, ɗaya ne. Baba ya gaji da tsayuwa, muka taho muka bar shi yana gadin wutar. Dab da magariba ya kawo makullin, na rataye a ƙusar bayan ƙofar kicin.

A hanya Baba ya tambaye ni ko Lucien ya dawo daga gona. Na ce tukuna. Allah Ya yafe mini. Likita ce ta ce in daina sake kashe masa ɗa kullum.

Talata, 14 ga Oktoba, bakwai da rabi na safe

Makullin yana kan ƙusarsa yanzu.

Talata, bayan azahar

Tanderu ya dare.

Bastien ya zo karɓar makulli ƙarfe goma da daminsa biyu a kafaɗa, yana feɗuwa. Na ba shi. Ban bi shi ba. Daga kicin na ji kiransa. Tsagar ta taso daga baki har ƙarshen tulluwar, hannu yana shiga, duwatsu biyu sun faɗo. Zafin ciki bai bari an matsa ba. Firmin magajin gari ya tsaya yana juya hularsa a hannu, ya ce babu biki bana.

Bastien yana ta cewa, "Na rantse ɗaya na saka. Ɗaya!" Wani daga baya ya ce, "Ɗaya mai 'ya'ya." Wani ya ce ai da ma ɗan birni ba ya iya jira, bayan tafiyar tsoho ya cusa sauran don ya huta zuwa kullum. Kowa ya gyaɗa kai. Ina tsaye a wurin. Ba a tambaye ni ba.

Na shafa wa Baba zuma a hannun dama, na naɗe. Na jiƙa kwat ɗinsa a bokiti. Yana barci tun ƙarfe takwas.

Laraba, 15 ga Oktoba, hantsi

Shara tawa ce, don haka na je ni kaɗai na kwashe tokar. Buhu uku. Dami ɗaya ba ya cika ko kwano.

A garin nan kowa da tsumagiya yake ɗaure kirarensa, ta ci wuta tare da su. Mutum ɗaya ne shekara biyun nan yatsunsa suka daina iya murɗa tsumagiya, ya koma yankar wayar shinge. Na tsinci zobe tara na waya a cikin tokar, sun yi baƙi, kowanne da murɗi uku.

Suna cikin gwangwanin daddawar da Yaya Zulai ta aiko mini daga Damagaram. Ban shiga rumfar itacenmu na ƙirga ba. Ba na so.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan la'asar

Bari in rubuta abubuwa biyu don su daina zagaye a kaina.

A watan Agusta, ranar da Baba ya bar gas a kunne, Colette yayar Lucien ta zo daga Aurillac. Ta tsaya a kicin ɗin nan ta ce, "Bara, na san ƙoƙarinki. Amma in aka sake wani abu da wuta, ko ƙarami ne, gidan tsofaffi za shi. Na riga na sa sunansa." Tana da iko, 'yarsa ce. Ni kuwa a asibiti na riƙe hannun Lucien na ce masa babansa zai mutu a gadonsa.

Na biyu. Ranar bakwai ga Nuwamba majalisa za ta yi ƙuri'a a kan makiyayar gari da ta ba Bastien aro. Awaki sittin gare shi, ba shi da ko taku goma na ciyawa da yake nasa. In an karɓe, ya tashi. Da ma akwai masu shanu da ke son wurin.

Shi ke nan. Na rubuta.

Juma'a, 17 ga Oktoba, asuba

Na yi sallama a raka'ar farko. Ban taɓa yi ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba, biyar na yamma

An sayo burodi daga gari a cikin leda, aka ci a zauren taro don kada ranar ta wuce haka nan. Na bar Baba a gida, na ce ba ya jin daɗi. Ba ƙarya ba ce.

Bastien da matarsa Solene sun kawo faranti babba na cukun awaki kamar kowace shekara. Ya koma yadda ya zo. Ɗaya daga masu shanu ya ɗaga leda ya ce, "Bastien, wannan bai gasu sosai ba, ko a miƙo maka ashana?" Dariyar ta yi tsawo. Solene ta ɗauki farantin da kanta. Na so in yanki ko kaɗan. Ina zaune kusa da shi ma. Ban yanka ba.

Da na dawo Baba yana bakin taga yana shaƙar iska. "'Yata, yau ba Lahadin burodi ba ce? Ban ji ƙamshi ba." Na ce bana an ɗaga. Ya ce, "Ragwaye."

Talata, 21 ga Oktoba, tsakar rana

Na cire makullin daga ƙusa na sa a ƙasan akwatina. Abin da ya kamata in yi tun Agusta. Ina zaune a kan sallaya ina karatu lokacin da na ji ƙofar kicin ta yi ƙara ranar nan, na ce iska ce, na ƙarasa shafin.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan azahar

Bastien ya zo. Bai zauna ba. Ya rame, gemunsa bai ga aska ba.

"Bara, ke ba kya ƙarya, kowa ya sani. Tambaya ɗaya. Makullin nan a wurinki ya kwana?"

"A wurina ya kwana."

"Babu wanda ya taɓa shi?"

Na ce miya tana kamawa. Na shiga kicin na tsaya a gaban tukunyar da ban ma ɗora ba. Da na fito ya tafi, ya bar cuku biyu a kan tebur, na Baba, irin mai taushin da haƙoransa suke iyawa.

Yanzu ba zan ƙara rubuta cewa ba a tambaye ni ba.

Asabar, 25 ga Oktoba, hantsi

An buɗe wa awakin Bastien shinge. Sun shiga lambun wata, sun cinye kabeji. An rubuta wata kalma da fenti a ƙofarsa, ba zan maimaita ba.

Litinin, 27 ga Oktoba, bayan la'asar

Ina tuna zauren Malam Ilu a unguwarmu, da allona mai tsaga a gefe. A mako ɗaya ya karantar da mu abu biyu. Ya ce wanda ya rufa wa ɗan Adam asiri, Allah zai rufa masa nasa. Ya ce wanda ya ɓoye shaida, zuciyarsa ce ta yi laifi, ba bakinsa ba. Ina da shekara goma sha ɗaya, na haddace duka. Bai gaya mana yadda ake yi ba in biyun suka kwana a gida ɗaya.

Hannun Baba yana warkewa. Shi da kansa yana kallonsa yana mamaki. Ya ce, "Kare ne?" Na ce a'a.

Laraba, 29 ga Oktoba, goma na safe

Odile ta kawo ƙwai. Ta tarar ina sake naɗin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce da Baba, "Tsohon banza, je ka ga ko kajinka suna nan." Da ya fita ta ja kujera.

"Shayi ne ya zubo masa, ko?"

Na rufe kwalbar zuma.

"Shayi ne, Bara. In an tambaye ki haka za ki ce. Tagar ɗakina tana kallon bututun tanderun nan, kuma ni biyar na asuba nake tashi tun kafin a haife ki."

Na ce, "Inna Odile, to Bastien fa?"

"Bastien matashi ne, ko'ina ya je zai yi kiwo. Emile in aka fitar da shi daga gidan nan ba zai ga Kirsimeti ba. A aji ɗaya muka zauna da shi. Shi ya gasa burodin aurena, shi ya gasa na ranar da aka binne mijina." Ta share hanci. "Ba ni kaɗai nake da taga ba. Mu nan mun san yadda muke riƙe namu. Ke ma tamu ce."

Shekara ashirin da uku. Na wanke musu gawa, na yi jinyar 'ya'yansu, na share tanderunsu. Yau ne aka fara ce mini tasu ce. Na ji daɗi, wannan shi ne abin kunyar. Har na raka ta ƙofa ina godiya.

Alhamis, 30 ga Oktoba, asuba

Na buɗe gwangwanin. Tara ne har yanzu.

Asabar, 1 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ranar kai furanni maƙabarta. Colette ta zo da tukwanen fure uku, na mamarta, na kakanni, na Lucien. Ni na tsaya a gefe na yi masa addu'ata kamar kullum. Ba ta taɓa hana ni ba, ni ma ban taɓa taɓa furenta ba.

A bakin ƙofar maƙabarta ta kama hannun Baba za ta sa shi a mota, ta ga tabon. "Me ya same shi?"

Na ce, "Ƙuna ce."

"Ta me?"

Odile tana bayanmu da sandarta. "Shayi mana. Kin san ubanki, ba ya jiran abu ya huce." Colette ta kalle ni. Na gyara wa Baba wuyan riga.

Can nesa Solene tana tsaye ita kaɗai. Ba ta da kowa a maƙabartar nan, amma kowace shekara tana kawo fure ga kaburburan da ba mai zuwa. Bana ma ta kawo. Ba wanda ya gaishe ta. Ni na ɗaga hannu kaɗan, ban san ko ta gani ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, tsakar rana

Motar dillalin dabbobi ta hau wajen Bastien. Ta sauko babu kaya. Sun ce kallo ya je yi, zai dawo bayan ƙuri'a.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan azahar

Yau kan Baba garau yake. Ya san Lucien ya rasu, ya san shekarar. Ya ɗauki burodi ya zana masa alama da wuƙa a ƙasa kamar yadda suke yi kafin yanka. Na ce, "Baba, in mutum ya yi ɓarna ba da saninsa ba, aka ɗora wa wani, yaya ake yi?"

"A faɗa mana. Wane irin zance ne wannan?"

"Ko da faɗar za ta raba shi da gidansa?"

"Gida ai dutse ne. In ya zauna a ciki a kan wuyan wani, me ya zauna wa?" Ya miƙo mini yanki. "Waye?"

Na ce ba kowa.

Na san ba da shi na yi shawara ba. Bai san a kan wa yake yanke hukunci ba, bai halatta in fake da maganarsa ba. In na yi, ni na yi.

Alhamis, biyar na yamma

Na kira Colette na gaya mata komai. Bai kamata ta ji a bakin wani ba. Minti huɗu. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Da ya mutu a ciki fa, Bara?"

Juma'a, 7 ga Nuwamba, hantsi

Na yi wanka, na karanta abin da na saba. Taron ƙarfe shida ne.

Asabar, 8 ga Nuwamba, bayan asuba

Zauren ya cika. Bastien yana layin baya, hannuwa a harɗe, Solene ba ta zo ba. Firmin ya karanta batun makiyaya, ya ce ko akwai mai magana kafin a ɗaga hannu. Ban san lokacin da na tashi ba. Na je gaban teburin na buɗe gwangwanin na juye. Ƙararsu a kan katako ba ta da yawa.

Na shirya bayani tun daga gida, yadda zan ce tsumagiya tana ƙonewa, waya ba ta ƙonewa. Ban buƙace shi ba. Babu wanda ya tambayi mene ne. Ko mutum ɗaya. Firmin ya kalli zobban ya kalli ƙasa. Mai zancen ashana ya shiga gyaran igiyar takalmi.

Na ce, "A cikin toka na same su ranar Laraba. Makulli yana kan ƙusa, ban ɓoye shi ba, laifina ne. Baba Emile ne ya tashi da asuba ya ɗauka Asabar ce, ranar cika tanderu. Ni na je na fito da shi, ni na kulle ƙofar." Muryata ba ta kai layin baya ba, Firmin ya ce in sake. Na sake.

Bastien ya miƙe a hankali. Ba ni ya kalla ba. "Kun sani? Dukanku?"

Sandar Odile kawai aka ji, tana fita.

An bar masa makiyayar, hannu bakwai cikin tara. A waje ya tsaya kusa da ni yana sa hula. "Kwana ashirin da huɗu, Bara."

Na ce, "Haka ne."

Ban nemi ya yafe ba. Ba a bakin ƙofa ake neman irin wannan ba.

Litinin, 10 ga Nuwamba, tsakar rana

Babu ƙwai. Tagar Odile ta ɓangarenmu a rufe take. A wajen motar mai burodi na yi gaisuwa, mutum biyu suka amsa.

Laraba, 12 ga Nuwamba, bayan la'asar

Colette ta samo wa Baba ɗaki a gidan tsofaffi. Ranar ashirin. Ta ce yana kallon lambu.

Na kai wa Firmin makullin. Ya ɓoye hannuwansa a aljihu. "Wa zan ba? Ki riƙe, don Allah. Magini sai bazara." Na dawo da shi.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, hantsi

An goge fentin ƙofar Bastien. Ban san wa ya goge ba. Shi da Solene sun wuce ni a mota, ita ta ɗaga hannu.

Ina ɗinka sunan Baba a wuyan rigunansa da safa, haka gidan suka ce. Riga goma sha ɗaya. Kwat ɗin nan bai fita ba, hannun ya ci wuta. Na je kabarin Lucien na gaya masa da bakina.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, bayan azahar

Sun tafi ƙarfe goma.

Baba ya yi shiga kamar mai zuwa kasuwa, ya ɗauka can za shi. Colette tana ta buɗe jaka tana rufewa. Odile ta fito ƙarshe, ba ta kalle ni ba, ta cusa masa ƙwai dafaffe biyu a aljihu. "Kada ka ishi mutane da surutu, tsohon banza." Ya ce, "Ke dai ba a gayyace ki ba." Ta juya da sauri.

Har ya shiga mota ya sa Colette ta tsaya. Ya laluba aljihun ciki ya fito da hatiminsa na katako, wanda ake danna wa burodin gidan nan don a gane shi a cikin na mutane. Ya sa mini a tafin hannu, ya rufe yatsuna a kai da hannun nan mai tabo.

"'Yata, na ji an ce wani ya fasa tanderu."

"Haka ne, Baba."

"Gaggawa ce. Wanda bai san dutse ba ne. Ke ce mai makulli, ki nemo ko waye, kada ki sake barinsa ya matso kusa."

Na ce, "To, Baba."